Ɗigon Ruwan Rijiyar Gwani Ma'azu

Madubin duba ƙananan halittu na farko da na haɗa da hannuna, da gwangwanin madara na yi shi. Na yanke murfin, na daddake shi da guduma har ya miƙe, na huda shi da allura, na dasa 'yar ƙwayar gilashi wadda ba ta kai ƙwayar gero ba a cikin hudar. Kwana goma sha ɗaya na yi kafin in samu ƙwaya ɗaya mai kyau. Ku yanzu an ba ku naku a cikin ambulan, na takarda, a ninke shi, a manna waya a bayansa a ɗauki hoto. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa aikin ai ba wuya, a ɗiga ruwa, yara su leƙa, su yi ihu, a tashi. To tunda an ce ku biyo ta wurina kafin ku fara zagaya makarantu, ku gyara zama. Ninke takarda kun fi ni iyawa, ba shi zan koya muku ba.

Ni ba malamin kimiyya ba ne, kar ku ɗauka. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wata sakandare a nan Gumel, shekara talatin da biyar. Shara aka ɗauke ni yi da wanke kwalabe. Maigidana a aikin baƙo ne, Mista Bandara, mutumin Siri Lanka, a zamanin da ake kawo malamai daga ƙasashen waje. Siririn mutum, ba ya cin nama, ba ya ɗaga murya, Hausarsa gurguwa amma ba ya jin kunyar yin ta. Makarantar tana da babban madubin duba ƙananan halittu guda biyu kacal, ɗaya ma idonsa ya yi hazo, ga ɗalibai arba'in a aji. Sai ya ce mu ƙera namu.

Ga yadda ake yi. Ka riƙe bututun gilashi a kan fitilar sifirit kana juyawa har ya yi laushi kamar alewa, ka fitar da shi daga wuta, ka ja da hannu biyu, ya zama zare. Ka karya zaren, ka sa bakinsa cikin harshen wuta, sai ya dunƙule da kansa ya zama ƙwaya. In ka taɓa ta da yatsa ta lalace, maiƙon hannu ya hau ta. In ka bar ta ta daɗe, hayaƙi ya shige ta. In ta yi girma ba ta ƙara wa abu girma sosai, in ta cika ƙanƙanta ba ta shan haske. Sai ka yi ashirin ka zubar da goma sha tara. Tabon nan na babban yatsana, na wancan zamanin ne. Mista Bandara bai taɓa yi mini faɗa ba. Ɗaga ƙwayar kawai yake yi ya duba, ya jefa a kwandon shara, ya miƙo mini wani bututun.

Wata rana muna cikin wannan aiki na tambaye shi inda ya koya. Ya ce a ƙasarsu akwai makarantun addininsu na Buda, inda ake kai yara ƙanana, a aske musu kai ƙwal, a yafa musu mayafi ruwan ɗorawa, su zauna gaban malami suna haddar littattafansu, ba ruwansu da boko. A irin wannan makaranta ya fara koyarwa, kuma rashin kayan aiki ne ya sa ya koyi narka gilashi. Ya ce ranar da ya nuna musu ɗigon ruwan tafki, wani yaro ya fashe da kuka, don a addininsu ba a kashe rai ko na sauro ne, ga shi ya gano kullum yana haɗiye rayuka. Babban malaminsu bai hana darasin ba, ya ce a bar su su gani.

Na ce, "Ai mu ma muna da irin waɗannan makarantu, na masu haddar Alƙur'ani."

Ya ce, "To wa yake kai musu madubi?"

Na yi dariya kawai. Kafin ya koma ƙasarsu ya bar mini fitilarsa da daurin bututu, ya kuma faɗa mini wata magana, ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Ashiru, wannan ƙwaya tana da iyaka. Abubuwan da suke kashe mutane a cikin ruwa sun fi ƙarfin idonta." Na ce na ji. Kuma na ji ɗin.

Sai bayan na yi ritaya na ɗauki tambayar tasa. Na ƙera madubi ashirin, na naɗe kowanne a tsumma, na jera a akwatin katako tare da fallayen gilashi da reza da albasa guda, na ɗaure a bayan mashin. Ranar Alhamis nake fita, tunda ba a karatun allo. Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar, har ƙauyukan bakin iyaka. Ba wanda ya aike ni. Wasu malaman su karɓe ni, wasu su ba ni ruwa in sha su sallame ni cikin mutunci.

Wata Alhamis a Gagarawa Tasha, wani malami ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya zauna yana kallona ina nuna wa yaransa fiffiken ƙuda. Da na gama ya ce, "Malam, mu ma mun je Kano, mun ga masu rufa-ido. Hoton yana cikin gwangwanin tun daga gida." Ban yi masa musu ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, a taimaka mini da gashin gemu ɗaya." Ya tsinko da kansa, ya ɗora da kansa. Ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan ai igiyar guga ce." Daga ranar, duk sanda na bi ta wajen sai ya sa an tare ni. Saboda haka kar ku fara da ruwa. Ku fara da abin da mutum ya sani, zaren rigarsa, gashinsa, ɓawon albasa, har ya yarda gilashin ba ƙarya yake masa ba. Wanda bai saba ba, gashin idonsa yake fara gani, ya ce maka ya ga maciji. Kar ku yi masa dariya. Kar kuma ku bari yaro ya juya madubi ya fuskanci rana. Inuwar bishiya ake zama, a nufi farin sama.

Tsangayar da na fi zuwa ita ce ta Gwani Ma'azu, a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar. Ɗalibai wajen sittin, suna noma gonar makaranta suna ci daga rumbunta. A cikinsu akwai wani gardi, Laminu, ɗan shekara ashirin, daga ƙasar Damagaram. Ya haddace, ya fara rubuta Alƙur'ani da ka, ya kusa rabi. Yana tare da ƙanensa Ilu, ɗan shekara tara, wanda mahaifiyarsu ta damƙa masa hannu da hannu.

Ranar da na kai ga darasin ruwa, na sa aka ɗebo mini na tafkin bayan gari, inda suke wanka da wanki, wani lokaci su sha in sun taso daga gona. Laminu ne ya fara leƙawa. Ya janye ido, ya dubi ɗigon haka kawai, ya sake leƙawa.

"Malam, motsi suke yi."

"Rai gare su."

"Ga wani yana juyi kamar katantanwa. Ga wani mai gashi a baki."

Ya ajiye madubin, ya je gaban Gwani ya durƙusa. "Alaramma, da wannan ruwan na yi alwala jiya a gona. Sallata fa?"

Na ce a raina yau za a sallame ni. Gwani ya ce a miƙo masa. Tsoho ne, idonsa ya fara yana, sai da na daidaita masa sau uku kafin ya gani. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wata najasa ta jirkita launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa?" Laminu ya ce a'a. Gwani ya ce, "To sallarka ta yi. Waɗannan bayin Allah ne, suna cikin ruwan tun kafin a haife ka, ba yau suka shiga don ka gan su ba. Amma zancen sha, tambayi Malam Ashiru, fanninsa ne."

Sai na yi abin da na saba yi a kowace makaranta. Na sa aka jawo guga daga rijiyar tsangaya, na ɗiga a wani gilashin, na jera biyun. Na ce ku leƙa wannan, ku leƙa wancan. Na tafki kamar ranar kasuwa, na rijiya fili fetal. Na ce, "Kun gani? Wannan babu komai. Wannan za ku riƙa sha." Da waɗannan kalmomi na faɗa. Ban manta maganar Mista Bandara ba. Amma darasin ya fi shiga a haka. In ka ƙara da cewa akwai wasu da ba a gani, sai fuskokin yara su saki, su fara kallon juna. Ni kuma ina son salatin nan da suke yi in sun leƙa. Kuma abin ya yi amfani, sun daina shan tafki, masu ciwon ciki suka ragu, Gwani da kansa ya faɗa mini.

Laminu bai tsaya a kallo ba. Da na dawo bayan mako biyu sai ya nuna mini takarda, ya zana duk abin da ya gani da alƙalamin kara da tawadar allo, kowanne da sunan da ya raɗa masa a ajami. A shekaruna talatin da biyar ban ga ɗalibin sakandaren da ya zana ƙwaron ruwa kamar haka ba, har gashin ƙafafun ya ƙirga. Bai taɓa shiga lakwal ba, kamar yadda suke kiran makarantar boko a can wajensu. Ya koyi yanka ɓawon albasa siriri har a ga rubutu ta bayansa. Ya duba tawadarsa, ya gano dalilin da wata take toshe alƙalami, ya sake yadda yake niƙa gawayi. Bayan shekara guda na ba shi madubi mafi kyau cikin nawa, wanda na yi da tagulla, na sa masa ɗan kusa na daidaitawa. Na ce in ba na nan shi ne malamin.

Sai shekarar ruwa ta zo. Damina ta yi nauyi irin wadda dattawa suka ce ba su taɓa gani ba a wannan ƙasa tamu mai yashi. Katangu suka zube, hanyoyi suka yanke, na yi mako uku ban fita da akwati ba. Amai da gudawa ya ɓulla a wasu ƙauyuka. Ma'aikatan lafiya suka riƙa zagayawa inda za su iya kaiwa suna cewa a tafasa ruwan sha.

Ina tashar Gagarawa wata rana da hantsi, ruwa ya shiga injin mashin ɗina, bakanike yana ta yi mini bayani, sai waya ta yi ƙara.

"Malam, Laminu ne. Na duba ruwan rijiya. Sau uku na duba, daga bido daban-daban. Babu komai."

Bido jarka ke nan a bakinsu.

Na ce, "Madalla. Ci gaba da dubawa, hannunka ya faɗa." Na kashe waya na koma kan mashin. Ban tambaye shi me ya sa yake dubawa ba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Gefe ɗaya na bakin rijiyar ya rufta, kwatar bayan makaranta, inda yara suke zagayawa, ta kwarara ciki. Bayan kwana biyu ruwan ya kwanta ya yi garau. Itace duk ya jiƙe, kara ya jiƙe, ga baki sittin. Gwani ya ce a cire dangar gona a tafasa ruwa da ita. Laminu ya ce, "Alaramma, bari in duba tukuna." Ya duba, ya kira ni, ya koma ya ce, "Babu komai, Malam Ashiru ma ya ce madalla." Aka bar danga.

Kwana tara bayan haka labari ya iske ni. Na kai Sule Tankarkar a mashin, daga can sai amalanken shanu. Na tarar ma'aikatan lafiya sun riga ni, sun rataye ledojin ƙarin ruwa a rassan darbejiyar da muke zama a ƙarƙashinta, yara kwance a tabarmi jere. An toshe rijiyar da ƙaya. Huɗu sun rasu. Ilu ne na uku.

Na je na yi wa Gwani ta'aziyya. Ya rame, shi ma cutar ta taɓa shi ta sake shi. Da muka shafa, na ce, "Allah gafarta Malam, akwai magana." Na faɗa masa cewa ƙwayar wannan cuta ta fi ƙarfin madubin gwangwani, ba ta ganuwa a cikinsa, kuma ban taɓa gaya wa yaran ba.

Ya ce, "Kwanansu ne ya ƙare, wannan ba hannunka ba ne. Amma ka ce ka sani?"

"Na sani."

"Tun ranar da ka jera gilasai biyu?"

"Tun kafin nan."

Ya koma jan carbinsa, har na ɗauka ya gama da ni. Can ya ce, "To rabin karatu ka biya musu. A nan in yaro ya tsallake aya ba ma korar sa, wanke allon yake yi ya sake rubutawa. In an share makoki ka dawo ka ƙarasa."

Na samu Laminu a bayan rumbu, zaune a ƙasa. Bai tashi ba, bai gaishe ni ba, shi da ba ya bari in sauka daga mashin sai ya riƙe mini akwati. Ya ciro madubin tagulla daga aljihu, naɗe a takarda, ya ajiye a gabana.

"Malam, na duba. Wallahi na duba."

"Na sani ka duba. Ko na asibiti aka ba ka ba za ka gani ba, sai an raini ƙwayar a ɗakin gwaji ta yaɗu. Ni ne ban faɗa maka ba."

Kamar bai ji ni ba. Ya ce, "Da hannuna na ba shi. Yana cewa Yaya ƙishi, ina ƙara masa."

Na zauna kusa da shi har aka kira la'asar. Washegari ya ɗaure allon Ilu da 'yan kayansa, ya ce zai je ya gaya wa mahaifiyarsu da bakinsa, ba ta waya ba. Ya tsallaka iyaka, bai dawo ba. Rubutunsa ya tsaya inda ya tsaya. Gwani ya tattara takardun ya zuba a gafaka ya rataye a ɗakinsa, ya ce ba wanda zai ƙarasa hannun wani.

Na koma bayan kwana arba'in, kamar yadda aka ce. Na tara su ƙarƙashin bishiya, na ɗiga ruwan da aka jawo daga sabuwar rijiya, na miƙa wa na farko.

"Me ka gani?"

"Babu komai, Malam."

"Sake faɗa."

"Babu komai."

"Ba haka ba ne. Sake."

Sai da na bi ta kan yara bakwai kafin wani ya ce, "Ban ga komai ba." Na ce yauwa, kowa ya maimaita. Sannan na faɗa musu abin da ya kamata in faɗa shekara biyu kafin nan: cewa idon gilashi yana da iyaka kamar idon mutum, akwai abin da ke ƙarƙashin wanda muke gani, kuma lokacin annoba ruwa ko ya kai hawaye haske tafasa shi ake yi, ko a sa maganin da ma'aikata suke rabawa. Ba wanda ya yi salati ranar. Darasin ya rage armashi, har yau ma bai dawo da armashinsa ba, kuma haka nake yin sa a kowace makaranta.

Ku ma za ku ji wannan kwaɗayin. Za ku ga yara hamsin sun zuba muku ido, ku so ku ba su amsa gajeriya mai daɗi. Naku na takarda ya fi nawa kaifi, na duba shi, amma shi ma ba zai nuna muku ruwan da za a sha ba. In kun bar wa wani madubi a ƙauye, ku sani kun bar masa magana da mutane za su ɗauka, har malaminsa. In ya kira ku a waya, ko me kuke yi ku ajiye, ku tambaye shi me ya faru.

Gwani ya rasu shekara biyu da suka wuce. Bara, wata Alhamis, na je kasuwar Maigatari neman bututun gilashi wurin wani mai kayan asibiti, ban samu ba. Zafi ya dame ni, lokacin shan maganin hawan jinina ya yi, na nufi teburin wani mai shayi kusa da inda manyan motoci suke tsayawa. Shi ya fara gane ni, ashe Laminu ne. Ya fito daga bayan tebur ya durƙusa, ya kakkaɓe mini benci. Ya yi gemu, ya ce yana da mata da 'ya ɗaya. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar Gwani.

Na ce, "Takardunka suna hannun ɗansa. Ya bar wasiyya a ba ka duk ran da ka zo."

Ya dubi tafin hannunsa, duk ƙunar tukunya. Ya ce, "Na ji, Malam. Hannun ya yi nauyi yanzu."

Ban matsa masa ba. Na ciro ƙwayar magani, na ce ya sam mini ruwa. Ga jarka cike a gefensa, wani direba ma ya miƙa hannu zai tsiyaya mini. Laminu ya riƙe hannun direban. Ya ɗauko kofi biyu, ya zubo daga butar da ke kan wuta.

"Ka ɗan yi haƙuri, Malam, ya huce. A teburin nan ba na ba kowa ruwan da bai tafasa ba."

Na zauna da maganin a tafina, ina kallonsa yana sheƙa ruwan daga wannan kofi zuwa wancan, ɗigo ɗaya bai zuba ƙasa ba. Da ya huce ya miƙo mini da hannu biyu, na sha.